Mayar da hoton rasta zuwa taswirar bekta

Mayar da hoton rasta zuwa taswirar bekta aiki ne a fannin zanen taswira da kwamfuta, inda ake ɗaukar hoton wani yanki na ƙasa a fitar da abubuwan da ke cikinsa, kamar hanyoyi da gidaje da gonaki da rafuka, a mayar da su ɗigo da layi da kewaye waɗanda kwamfuta za ta iya aunawa, ta ƙirga, ta kuma liƙa musu suna. Hoton na iya zama wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauka, ko jirgin sama, ko jirgi marar matuƙi, ko kuma tsohuwar taswirar takarda da aka ɗauki hotonta da na'urar sikana. Sharaɗin aikin shi ne a riga an daidaita hoton da doron ƙasa, wato kowane wuri a cikinsa ya kasance yana da lambobin matsayinsa na gaskiya. A Jihar Kano an yi amfani da wannan dabara wajen zana taswirar garuruwa da ƙauyuka domin rigakafin shan inna, da nazarin gonaki da itatuwa, da kuma harkar filaye.

Bambancin rasta da bekta

Hoton rasta tamkar tabarma yake wadda aka saƙa da ƙananan murabba'ai masu girma ɗaya. Kowane murabba'i, wanda ake kira ƙwayar hoto, yana ɗauke da lamba da ke nuna launi ko hasken wurin. Hoton bai san gona ba, bai san hanya ba. Abin da ya sani kawai shi ne wannan ƙwaya kore ce, waccan ja-ja ce. Idan aka yi ta ƙara girmansa a fuskar kwamfuta, sai ya dagargaje ya koma murabba'ai.

Bekta kuwa tana ajiye kowane abu a matsayin siffa mai zaman kanta. Siffofin iri uku ne:

Ɗigo, wanda ke wakiltar abu ɗaya a wuri ɗaya, kamar rijiya ko bishiya ko asibitin sha-ka-tafi.

Layi, wato jerin ɗigogi da aka haɗa, kamar titi ko burtali ko rafi.

Kewaye, wato layin da ya zagayo ya rufe, kamar gona ko kududdufi ko mazaɓa.

Kowace siffa tana da gurbi a cikin jadawalin bayanai, inda ake rubuta sunanta da faɗinta da duk abin da ake so a sani game da ita. Wannan ne ya sa za a iya tambayar taswirar bekta cewa ƙauyuka nawa ne suka fi kilomita biyar nesa da asibiti, ta ba da amsa, alhali hoto ba zai iya ba.

Girman ƙwayar hoto shi ne ke iyakance abin da za a iya fitarwa. A hotunan Landsat na Amurka kowace ƙwaya tana rufe mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato murabba'in mita 900, don haka hekta ɗaya ba ta wuce ƙwaya 11 ba. A hotunan Sentinel-2 na Turai ƙwayar mita 10 ce, hekta ɗaya tana samun ƙwaya 100. Tauraron NigeriaSat-1, wanda aka harba a shekarar 2003, ƙwayarsa mita 32 ce, shi kuwa NigeriaSat-2 na shekarar 2011 ya sauko zuwa mita 2.5. Hotunan kamfanoni masu ƙwayar rabin mita suna ba hekta ɗaya ƙwaya 40,000, kuma a irinsu ne ake iya ganin gida ɗaya-ɗaya da inuwar bishiya.

Tarihi

Kafin zuwan kwamfuta, masu zanen taswira kan shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan hoton jirgin sama su bi layukan da alƙalami, ko su yi amfani da na'urar da ke haɗa hotuna biyu ta nuna tudu da kwari. Ta irin wannan hanya aka zana yawancin taswirorin Najeriya masu ma'aunin 1:50,000 a shekarun 1950 da 1960, bisa haɗin gwiwar sashen safiyo na tarayya da hukumar safiyon ƙasashen ƙetare ta Birtaniya. Har yau ana amfani da su a makarantu da ofisoshin safiyo.

A shekarun 1960 Roger Tomlinson ya jagoranci gina tsarin taswirar kwamfuta na ƙasar Kanada, wanda ake ɗauka a matsayin na farko irinsa a duniya. A can ne aka fara shigar da taswirorin takarda cikin kwamfuta da na'urar ɗaukar hoto, sannan a mayar da iyakokin da ke jikinsu layuka. A shekarar 1973 David Douglas da Thomas Peucker suka wallafa wata dabarar lissafi ta rage ɗigogin da ba su da amfani a jikin layi ba tare da an ɓata siffarsa ba, kuma har yanzu manhajoji da dama da ita suke aiki. A shekarun 1970 zuwa 1990 an fi amfani da wani allo na musamman: a manna taswira a kai, ma'aikaci ya riƙa bin layi da 'yar na'ura mai gilashi yana dannawa. Daga baya aka koma zane kai tsaye a fuskar kwamfuta.

Aikin ya isa hannun talakawa bayan shekarar 2000. An fara manhajar QGIS, wadda kyauta ce, a shekarar 2002. An kafa OpenStreetMap a 2004. A 2008 kuma Amurka ta buɗe ma'ajiyar hotunan Landsat ga kowa ba tare da biyan kuɗi ba.

Daidaita hoto da doron ƙasa

Hoton da bai san matsayinsa ba, duk layin da aka zana a kansa ba shi da amfani. Hotunan tauraron ɗan'adam galibi da lambobin matsayinsu suke zuwa, amma tsohuwar taswira ko tsohon hoton jirgin sama sai an daidaita su da hannu. Ana zaɓar wuraren da ake iya ganewa a hoton waɗanda kuma aka san lambobinsu na gaskiya, kamar mahaɗar tituna, gada, ko kusurwar tsohon gini. Lissafi mafi sauƙi yana buƙatar aƙalla wurare uku. Wanda ke gyara lanƙwasar takarda yana buƙatar aƙalla shida. A aikace ana ɗaukar fiye da haka, a kuma warwatsa su a duk faɗin hoton, domin idan suka taru a kusurwa ɗaya sauran sassan za su karkace. Ba a son a dogara da abin da ke canzawa, kamar gaɓar rafi ko bakin kududdufi.

Wani abin lura shi ne tushen awo. Tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su ne a kan tushen awo na Minna, su kuwa na'urorin GPS da yawancin hotunan zamani suna aiki da WGS 84. Idan aka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba tare da an juya lissafin ba, wuri ɗaya zai gauce da gwamman mitoci, abin da ya isa ya jefa gonar wani cikin ta maƙwabcinsa. Domin auna tsawo da faɗi da mita, ana amfani da tsarin UTM, inda Kano da kewayenta suka faɗa yanki na 32 na arewa, wanda ya kama daga digiri 6 zuwa digiri 12 gabas.

Hanyoyin aikin

Hanya ta farko ita ce zane da hannu. Ma'aikaci ya buɗe hoton, ya ƙara girmansa, ya bi gefen kowace gona ko gida yana danna ɗigogi har ya rufe kewayen. Hanyar tana cin lokaci, amma idon mutum yana gane abin da kwamfuta ke kuskurewa, musamman idan ya san yankin.

Hanya ta biyu ita ce wadda mutum da kwamfuta ke haɗa hannu. Ma'aikaci ya nuna farkon layi, manhaja ta bi shi da kanta, idan ta iso mahaɗa ko inda layin ya yanke sai ta tsaya ta jira umarni. An fi amfani da ita wajen layukan tudu da rafuka na tsofaffin taswirori.

Hanya ta uku ita ce barin kwamfuta ta yi aikin duka. Idan layuka ake nema, sai a fara mayar da hoton baƙi da fari, a share ƙananan tabo, sannan a siranta kowane layi har faɗinsa ya koma ƙwaya ɗaya, a bi shi a mayar da shi jerin ɗigogi. Idan kewaye ake nema, sai a fara rarraba ƙwayoyin hoton gida-gida: wannan gona, wannan ruwa, wannan gini. Daga nan manhaja ta zagaye duk ƙwayoyin da suke manne da juna masu aji ɗaya. Layin da ke fitowa yakan zo da haƙora kamar matakalar bene, saboda yana bin gefen murabba'ai, sai an goge shi an rage masa ɗigogi. Manhajojin QGIS da GRASS da GDAL da ArcGIS duk suna da kayan wannan aiki.

A 'yan shekarun nan an ƙara da ƙirƙirarriyar basira. Ana ba kwamfuta dubban misalan da mutane suka zana da hannu, ta koyi kamannin gini ko iyakar gona, sannan ta nemo irinsu a sabon hoto. A shekarar 2021 kamfanin Google ya fitar da kewayen gine-gine miliyan 516 na nahiyar Afirka da aka samo ta wannan hanya. A shekarar 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan da abokan aikinsa suka ba da rahoton zana bishiyoyi fiye da biliyan 1.8, ɗaya bayan ɗaya, a yammacin Sahara da Sahel.

Kowace hanya aka bi, akwai tsaftacewa a ƙarshe. Ana duba layukan da ba su haɗu ba, da waɗanda suka zarce, da kewayen da suka hau juna, da siraran giɓi tsakanin gonaki biyu masu iyaka ɗaya. Bayan haka a cike jadawalin bayanai, a ajiye aikin a ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsaren fayil, kamar Shapefile ko GeoJSON ko GeoPackage.

Misali daga karkarar Dawanau

Dawanau gari ne kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a kan titin Kano zuwa Katsina, kuma an san shi da babbar kasuwar hatsi. Yana cikin yankin da masana labarin ƙasa ke kira yankin Kano mai cunkoson mazauna, wato karkarar da ta kewaye birnin, inda kusan babu daji, gona na manne da gona, kuma ana noma ƙasa kowace shekara da taimakon taki. Irin wannan wuri yana cikin mafi wahalar zanawa daga hoto, saboda dalilai da dama.

Na farko, gonakin ƙanana ne, kuma rabon gado yana ƙara tsattsaga su. Gona mai rabin hekta ba ta samun fiye da ƙwaya biyar ko shida a hoton Landsat, yawancinsu ma sun haɗa da gefen gonar maƙwabci. A Sentinel-2 za ta sami ƙwaya 50, wanda ya isa a gane akwai shuka amma bai isa a ja iyaka mai kyau ba.

Na biyu, iyakokin sirara ne. Manoman yankin kan shata iyaka da layin gamba, ko shingen aguwa, ko lalle, ko ɗan kunya da aka bari ba a nome ba. Wasu iyakokin ma babu wata alama a ƙasa sai bishiya ko dutse da dattawan unguwa suka sani. A gefe guda kuma, mutum ɗaya zai iya shuka gero da wake a rabin gonarsa, dawa da gyaɗa a ɗaya rabin, sai hoto ya nuna gona biyu alhali ɗaya ce. Wa da ƙane da suka raba gado amma suka shuka abu ɗaya a rana ɗaya kuwa, sai hoto ya haɗe su.

Na uku, akwai itatuwa a cikin gonaki: ɗorawa, tsamiya, kuka, gawo, da darbejiya. Rassansu da inuwarsu suna rufe iyaka da ƙananan hanyoyi. Lokacin da aka ɗauki hoton ma yana da tasiri. Gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, ita kuwa kuka da rani take tsirara, don haka ƙirgen bishiyoyi daga hoton wata ɗaya ba zai yi daidai da na wani watan ba.

Na huɗu, yanayi. Da damina, lokacin da shuka ta fi bambanta gona da gona, gajimare ne ke rufe sama. Da hunturu hazo yana dusashe hoto. Bayan girbi kuma ƙasa duk takan koma launi ɗaya.

Gine-gine ma suna da nasu rikicin. Rufin kwano yana ƙyalli, kwamfuta na saurin kama shi, amma soron ƙasa launinsa ɗaya da ƙasar da aka gina shi da ita, ɗakin ciyawa da rumbu kuma sukan yi kama da tarin kara. Sakamakon haka, hanyar da aka bar wa kwamfuta ita kaɗai ta fi tsallake gidajen marasa ƙarfi da rugagen Fulani. A cikin gari kuwa, inda gidaje ke jingine da juna, takan haɗe gida uku ko huɗu ta mayar da su kewaye ɗaya. A gefen kasuwar Dawanau da bakin titi, inda rumbunan ajiya da sababbin unguwanni ke cin gonaki, hoton da ya shekara biyar ya riga ya tsufa.

Amfani a Jihar Kano

Nazarin ƙasa. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya wallafa nazari kan ƙasa da mutanen wannan yanki tare da J. Wilson a shekarar 1965. Shi da wasu masana sun kwatanta hotunan jirgin sama na shekaru daban-daban, suna fitar da gonaki da itatuwa daga cikinsu. Abin da suka gano ya saɓa wa zaton da aka daɗe ana yi: duk da ƙaruwar jama'a da buƙatar itacen girki a birni, manoman karkarar Kano suna kare itatuwan gonakinsu, ba su ƙarar da su ba.

Rigakafin shan inna. Wannan shi ne misalin da ya fi shahara. A da, masu allurar rigakafi da taswirar da aka zana da hannu suke aiki, kuma ƙauyuka da unguwanni da dama ba sa cikinta, musamman waɗanda ke kan iyakar mazaɓa biyu, inda kowane ɓangare ke zaton na ɗayan ne. Daga wajen shekarar 2012, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka fara fitar da matsugunan jihohin arewa daga hotunan tauraron ɗan'adam, kuma ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano tana cikin waɗanda suka gudanar da aikin. An kasa matsugunai gida uku: manyan garuruwa, ƙananan ƙauyuka, da 'yan gidajen da ke warwatse. Tun da hoto ba ya faɗin suna, sai aka tura ma'aikata da na'urar GPS suka tattaro sunan kowane wuri daga bakin mazaunansa. Daga nan aka riƙa ba tawagogin rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, a ɗora sawunsu a kan taswirar, a ga wuraren da ba a shiga ba a sake komawa. Jihar Kano, mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, ta ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta daji na ƙarshe a ƙaramar hukumar Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana yankin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya a matsayin wanda ya rabu da ita. Taswira ɗaya ce daga cikin matakai da yawa da suka kai ga haka, tare da aikin sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya. Shirin GRID3 ya ɗora a kan waɗannan bayanai ya faɗaɗa su zuwa dukan ƙasar.

Iyakokin gonaki. A shekarar 2019 Claudio Persello na Jami'ar Twente da ke Holan da abokan aikinsa suka wallafa gwajin fitar da iyakokin ƙananan gonaki da ƙirƙirarriyar basira, kuma ɗaya daga cikin wurare biyun da suka yi gwajin shi ne Kofa a ƙaramar hukumar Bebeji, ɗayan kuma a ƙasar Mali. Sun yi amfani da hotuna masu ƙanƙanar ƙwaya ƙwarai, tare da iyakokin da mutane suka tantance domin koyar da kwamfutar da auna sakamakonta.

Harkar filaye. Hukumar KANGIS ta Jihar Kano tana aikin mayar da bayanan filaye da tsofaffin taswirorin fuloti zuwa kwamfuta, domin sauƙaƙa bincike da bayar da takardar shaidar mallaka, wadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora alhakinta a kan gwamna.

Kurakurai da iyakar dabarar

Taswirar bekta ba ta fin hoton da aka ciro ta inganci. Layinta siriri ne, ana iya ƙara girmansa yadda aka ga dama ba ya dagargajewa, kuma wannan yakan sa mai kallo ya ɗauka daidai yake har zuwa taku ɗaya. Amma a taswira mai ma'aunin 1:50,000, milimita ɗaya tana daidai da mita 50 a ƙasa, don haka kaurin layin alƙalami na rabin milimita kaɗai ya kai mita 25. A kan wannan sai a ƙara kuskuren daidaita hoto, da motsewar tsohuwar takarda, da rawar hannun mai zane. Shi ya sa ake son kowane fayil ya zo da bayanin asalin hotonsa, da ranar da aka ɗauke shi, da girman ƙwayarsa, da tushen awonsa.

Babbar iyakar ita ce hoto yana nuna abin da ke kan ƙasa ne kawai, ba ya nuna haƙƙi. Ba a ganin aro ko jingina ko haya daga sama, ba a ganin gonar gandu da gayauna, ba a ganin inda burtali ya bi kafin a nome shi. Idan aka zana burtalin da aka cinye a matsayin gona, taswirar za ta iya zama hujja a hannun wanda ya cinye shi. Saboda haka, a ayyukan da suka shafi mallaka, akan buga hoton a babbar takarda a kai shi ƙauye, mai gona da maƙwabtansa da mai unguwa ko dagaci su nuna iyaka a kai, a auna wuraren da ake shakka da na'ura, sannan a kafe sakamakon a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya yi magana kafin a shigar da layin cikin rajista.

Duba kuma

Taswira
Tauraron ɗan'adam
Dawakin Tofa
Kasuwar Dawanau
Cutar shan inna
OpenStreetMap